Zaɓen Ƙugiya da Ƙwayar Ƙarfe Don Ɗaura Ƙwaron Yaudarar Kifin Tirawut

Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa ba za ka same shi a Kwara ko Tafkin Chadi ba. Gidansa ƙoramun Turai ne da na Arewacin Amurka, daga baya aka kai shi Niyu Zilan da Ajantina da wasu tsaunukan Afirka, irin su Abadiya da Dutsen Kenya a ƙasar Kenya, da Lesoto, da tsaunukan Afirka ta Kudu. Masu kama shi da fatsa, da yawansu ba sa soka tana ko wata tsutsa a ƙugiya. Ƙugiyar suke yi wa sutura da zare da gashin tsuntsu da gashin dabba har ta fito da siffar ƙwaron da kifin ya saba ci. Wannan ɗauri sana'a ce mai zaman kanta, kuma Kenya na cikin ƙasashen da suka fi fitar da irin waɗannan ƙwari na hannu zuwa kasuwannin Turai da Amurka.

Mai koyo yakan zuba duk hankalinsa kan gashi da launi, domin su ne suke ɗaukar ido. Ni kuwa abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin ka naɗa zare ko sau ɗaya ka riga ka yanke abubuwa biyu da suka fi gashin muhimmanci: zurfin da ƙwaron zai kai, da kuma ko zai riƙe kifin idan ya cafka. Na farko aikin ƙwayar ƙarfe ne, wato ɗan dunƙulen nan mai huji da ake zurawa a kan ƙugiya, mai kama da ƙwayar carbi. Na biyu aikin ƙugiyar ne. Kuma jerin zaɓen daga ruwa yake farawa: ruwa ne zai gaya maka nauyi, nauyi ya gaya maka ƙwaya, ita kuma ƙwayar ta nuna maka ƙugiyar da za ta ɗauke ta ba tare da bakinta ya toshe ba.

Da farko, san sassan ƙugiyar da lambobinta

Ɗauki ƙugiya ɗaya ka ɗora a tafin hannu. A gaba akwai ido, inda ake ɗaura zaren fatsa. Daga ido sai sanda, miƙaƙƙen ɓangaren da ake gina jikin ƙwaro a kai. Sai gwiwa, inda ƙarfen ya lanƙwaso, sai tsini, sai ɗan kunnen nan da ke bayan tsini wanda yake hana ƙugiya zamewa. Tazarar da ke tsakanin tsini da sanda ita ce baki, kuma a kanta wannan jagora gaba ɗaya za ta yi ta komawa, domin ta nan leɓen kifi yake shiga.

Lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye: gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Mai lamba 8 babba ce, mai lamba 20 kuwa sai ka matso da ita kusa da ido kafin ka ga kunnenta. Yawancin aikin tirawut yana tsakanin 8 da 20, kuma lambobin da aka fi sayarwa su ne 10, 12, 14, 16, 18. Faɗin baki lambar take nunawa, ba tsawon sanda ba. Sai dai babu wani ma'auni guda da kamfanoni suka amince da shi. Lamba 14 ta Tiemco ta Japan ba lallai ta yi daidai da 14 ta Hanak ta ƙasar Cek ba, ko ta Mustad ta Nowe, kamfanin da ya fara ƙera ƙugiya tun 1877. Saboda haka idan ka ga an rubuta a ɗaura wani ƙwaro a lamba 14, ka duba da ƙugiyar wane kamfani ake magana.

Bayan lamba za ka ga harafin X a jikin fakiti. Idan an ce tsawo 1X, ana nufin sandar ta kai tsawon ta ƙugiyar da ke gaba da ita a girma, amma bakin bai canza ba. 2X da 3X ƙarin tsawo ne a kan haka. Haka ma kaurin ƙarfe: siriri 1X na nufin an yi ta da wayar ƙugiyar da ke ƙasa da ita, kauri 2X kuma da wayar wadda ta fi ta girma da mataki biyu. Wannan ma kowane kamfani da yadda yake auna nasa, amma ya isa ya nuna maka alkibla.

Sai ka tambayi kanka: a ina ƙwaron zai yi aiki?

Idan a saman ruwa zai yi iyo, yana kwaikwayon ƙwaron da ya riga ya yi fiffike, to ba ruwanka da ƙwayar ƙarfe. Ƙugiya mai siririyar waya kake so, domin 'yan gashin zakara ne kawai za su riƙe ta a sama. TMC 100 ta Tiemco da 94840 ta Mustad su ne aka daɗe ana amfani da su a nan. Abin lura ɗaya: siririyar waya tana iya buɗewa idan babban kifi ya ja a ruwa mai ƙarfi. A kogunan Niyu Zilan, inda kifi mai kilo biyu ko uku ba abin mamaki ba ne, gara ka ɗauki waya matsakaiciya ka ƙara gashi.

Akwai mai rataye a fatar ruwa, kai a sama, ciki a nutse, kamar ƙwaron da ke ƙoƙarin fita daga kwansonsa. Wannan yana son ƙugiya mai lanƙwasasshiyar sanda, irin wadda ake ɗaura Klinkhåmer a kai, ƙwaron da Hans van Klinken ɗan Holan ya ƙirƙiro a 1984. Ka sani ƙugiyoyin Klinkhåmer sukan fi lambarsu girma sosai, don haka ka gwada da ido kafin ka saya.

Mai kwaikwayon ƙaramin kifi kuma doguwar sanda yake so, 3X zuwa 6X, da waya mai kauri. A nan shawarata ita ce kada ka wuce 3X ko 4X sai da dalili. Doguwar sanda tana ba kifi abin banƙarawa idan yana fizge-fizge, sai ka ga ƙugiyar ta yage ta fita.

Amma mafi yawan cin tirawut a ƙarƙashin ruwa yake yi, inda 'ya'yan ƙwari suke rayuwa a jikin duwatsu kafin su yi fiffike. Masu sana'ar suna ce wa ƙwaron da ke kwaikwayon waɗannan nimf, kuma a nan ne ƙwayar ƙarfe take shigowa. Sauran bayanin duk a kansa zai fi tsayawa.

Auna ruwan, ka fitar da nauyi

Ruwan ƙorama ba gudu ɗaya yake yi daga sama har ƙasa ba. Na sama ya fi sauri, na ƙasa kuma duwatsu suna rage masa ƙarfi, kuma a wannan sassauƙan ruwa na ƙasa kifi yake fakewa yana jiran abinci. Idan ka jefa ƙwaro, 'yan daƙiƙoƙi kaɗan gare shi kafin ruwa ya wuce da shi. In bai kai ƙasa cikin wannan lokaci ba, ta saman kan kifin zai wuce, kome kyan ɗaurinsa.

Tun kafin ƙwaya ta yaɗu masu fatsa suna neman nauyi. Frank Sawyer, mai kula da Kogin Avon a kudancin Ingila, da siririyar wayar jan ƙarfe ya ɗaura shahararren nimf ɗinsa na gashin wutsiyar tsuntsun fezan, a maimakon zare, don ya nutse da wuri. A shekarun 1980 ne ƙwaya mai ruwan zinariya ta bazu a Turai, kuma Roman Moser ɗan Ostiriya na cikin waɗanda aka fi dangantawa da yaɗa ta. Daga baya tangistin ya shigo ya sauya lissafin gaba ɗaya.

Kayan da ake yin ƙwaya da su uku ne ya kamata ka sani. Gilashi shi ne mafi sauƙi, nauyinsa wajen giram 2.5 a kowane dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, kusan ado ne kawai da ɗan ƙyalli. Tagulla tana wajen 8.5. Tangistin, ƙarfen nan da ake yin siririn zaren cikin tsohon ƙwan lantarki da shi, tsantsarsa ya kai 19.3, kodayake ƙwayoyin da ake sayarwa gauraye ne, sukan ɗan gaza haka. A taƙaice ƙwayar tangistin ta ninka ta tagulla mai girma ɗaya da ita sau biyu ko kusa da haka. Ta fi tsada, amma tana ba ka nauyi ba tare da ƙara girma ba, kuma wannan shi ne dukan amfaninta.

Ga wani lissafi da mutane da yawa ba sa lura da shi. Nauyin ƙwaya ba ya ƙaruwa daidai da faɗinta, ninkuwa yake yi. Daga milimita 2.5 zuwa 3, rabin milimita kacal ka ƙara, amma nauyin ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin ɗari. Daga 3 zuwa 3.5, ƙarin ya kusa kashi 60. Mai milimita 3 ta ninka mai milimita 2 fiye da sau uku, mai 4 kuma ta ninka mai 3 fiye da sau biyu. Saboda haka idan ƙwaronka ya kusa kai ƙasa amma bai kai ba, mataki ɗaya za ka hau, kada ka tsallake biyu.

A nawa ganin, ga inda za ka fara. Ruwan da bai wuce gwiwa ba kuma yana tafiya a hankali, tagulla ta isa, ko tangistin mai milimita 2 zuwa 2.5. Ruwan da ya kai cinya ko ƙugu da matsakaicin gudu, tangistin 3 zuwa 3.5. Rami mai zurfi ko ruwa mai tumbatsa, 3.8 zuwa 4 ko sama. Kogin da kansa zai gyara maka. Idan kana jin ƙwaron yana ɗan taɓa ƙasa jefi-jefi a tafiyarsa, ka dace. Idan kowace jifa sai ya maƙale, ya yi nauyi. Idan ka yi ta jifa ba ka taɓa jin dutse ba, ka ƙara.

A tafki lamarin ya bambanta, domin ruwa ba ya gudu da ƙwaron, kuma sau da yawa kifi yana cafka ne lokacin da yake nutsewa a hankali. Nan tagulla da gilashi suka fi tangistin amfani. A manyan madatsun ruwan Ingila irin su Rutland da Grafham, masu kwaikwayon 'ya'yan ƙananan saurayen nan marasa cizo sukan ɗaura su a lanƙwasasshiyar ƙugiya mai kauri ba tare da ƙwaya ba sam, nauyin wayar ya wadatar. A tafkunan Biritish Kolombiya ta Kanada kuwa farar ƙwaya suke sa wa irin wannan ƙwaro, tana wakiltar fararen gashin numfashin da ke kansa.

Haɗa ƙwaya da ƙugiya

Ga ma'aunin da aka saba bi idan ƙugiyar miƙaƙƙiya ce. 'Yan kasuwar Amurka da inci suke rubutawa, na Turai da milimita:

Milimita 1.5, wato inci 1/16, ƙugiya 18 zuwa 22.
Milimita 2, inci 5/64, ƙugiya 16 zuwa 18.
Milimita 2.4, inci 3/32, ƙugiya 14 zuwa 16.
Milimita 2.8, inci 7/64, ƙugiya 12 zuwa 14.
Milimita 3.2, inci 1/8, ƙugiya 10 zuwa 12.
Milimita 3.8 zuwa 4, inci 5/32, ƙugiya 6 zuwa 10.
Milimita 4.6 zuwa 4.8, inci 3/16, ƙugiya 4 zuwa 6.

Wannan mafari ne. Hukunci na ƙarshe na idonka ne, kuma ga yadda za ka yi shi. Zura ƙwayar, ka tura ta har ta jingina da idon ƙugiya, ka ɗaga su sama ta gefe inda haske yake. Dubi yadda cikin ƙwayar ya sauko zuwa layin tsini. Idan ta cinye fiye da rabin baki, ko kuma tazarar da ke tsakanin bayanta da tsini ta matse, wannan haɗin ba zai kama kifi yadda ya kamata ba. Abin da ke faruwa shi ne, kifi zai cafka, ka ɗaga sandar fatsa, ƙwayar ta riga tsini fita tana buɗa masa baki, tsinin ya bi bayanta ba tare da ya sami nama ba. Za ka ji an ja, sannan ka ji sakayau. Mai fatsa yakan ɗora laifin a kan hannunsa, ya ce ya makara ko ya yi gaggawa, alhali tun a kan teburin ɗauri aka yi asarar kifin. Magani shi ne ka koma ƙugiya mai faɗin baki, ko ka bar tagulla ka ɗauki ƙaramar tangistin mai nauyi ɗaya da ita.

Ka kuma tuna ƙwaya tana cin wuri a sanda. Ƙwaya mai milimita 3 a ƙugiya 14 mai tsawo na yau da kullum za ta cinye kusan sulusin inda za ka gina jiki, ƙwaron ya fito a dunƙule. Shi ya sa nimf mai ƙwaya ya fi kyau a tsawo 1X ko 2X. TMC 3761 tana da tsawo 1X da kauri 2X, TMC 5262 kuma tsawo 2X da kauri 2X. Ga masu lanƙwasasshen jiki, irin tsutsar ƙwaron ruwan da ake kira kadis da ƙananan jatan landen ruwan daɗi, akwai TMC 2457 mai kauri da 'yar'uwarta 2487 mai siririyar waya.

Hujin ƙwaya iri biyu ne. Ta farko tana da ƙaramin huji a gefe ɗaya da babba a ɗaya gefen. Kullum tsini ta ƙaramin hujin zai shiga, don ƙaramin ya tsaya a jikin ido, babban ya fuskanci baya. Idan ka juya ta, babban hujin zai haɗiye idon ƙugiya, ka rasa inda za ka zura zare a bakin kogi. Ta biyu mai tsaga ce: huji zagayayye a gaba, doguwar tsaga a baya. Tsagar tana ba ta damar zagaye gwiwa mai kaifin lanƙwasa, kuma an yi ta ne musamman saboda ƙugiyar jig.

Ƙugiyar jig, da dalilin da ya sa ta mamaye akwatunan masu fatsa

Ita wannan an karya wuyanta kusa da ido, galibi digiri 60, wasu 90. Idan ka haɗa ta da ƙwaya mai tsaga, nauyin yana komawa ɓangaren da ba tsini, sai ƙwaron ya kife a cikin ruwa ya yi tafiya tsininsa na kallon sama. Amfanin a fili yake: ba ya yawan maƙalewa a duwatsu, tsinin ba ya gugar ƙasa ya dakushe, kuma yakan kama kifi a leɓen sama ko a kusurwar baki inda nama yake da ƙarfi. Tun da ƙwayar tana zaune ne a waje da bakin ƙugiya, za ka iya ɗora mai girma fiye da ma'aunin da ke sama. Ƙugiyar jig 16 tana ɗaukar 2.5 zuwa 3, lamba 14 tana ɗaukar 3 zuwa 3.5, lamba 12 kuma har 4.

Daga gasar fatsa ta Turai wannan salo ya samo ƙarfinsa. Dokokin hukumar FIPS-Mouche mai shirya gasar duniya ba su yarda a maƙala dalma a jikin zare ba, don haka dole nauyi ya kasance cikin ƙwaron kansa, kuma ƙwayar da ake gani ba za ta wuce milimita 4 ba. 'Yan Folan da 'yan Cek suka yi fice da nimf masu nauyi tun shekarun 1980, daga baya 'yan Sifen da Faransa suka zo da Perdigon, siririn ƙwaro mai sulɓi da ake shafe jikinsa da ƙaro mai ƙyalli. Darasin da ke cikinsa ya shafi zaɓen ƙwaya kai tsaye: jiki mai buzu-buzu yana riƙe ruwa ya hana nutsewa, siririn jiki kuwa yana ratsawa. Haka ma zaren ƙarshe, wato siririn zaren fatsa da ake ɗaure ƙwaron da shi, mai kaurin milimita 0.13 ya fi mai 0.18 saurin barin ƙwaro ya sauka. Kafin ka ƙara girman ƙwaya, duba ko rage gashi zai biya buƙata.

Ba kowane wuri jig ta fi ba. A ƙasa da lamba 18 bakinta yakan yi ƙanƙanta, ni na fi son gajeriyar lanƙwasasshiya mai faɗin baki a nan. Idan kuma kana da tarin miƙaƙƙun ƙugiyoyi ba ka son su tafi a banza, akwai ƙwaya mai huji a gefe, wadda nauyinta ya karkata ɓangare ɗaya. Ita ma tana kifar da ƙwaron kamar yadda jig take yi.

Zurawa da kafewa

Ƙwaya mai milimita 2 ba ta riƙuwa da yatsa cikin sauƙi, kuma idan ta faɗi ƙasa da wuya ka sake ganinta. Zuba kaɗan a murfin kwalba ko a kan ƙyalle mai laushi. Kama ƙugiyar da hantsaki ta wajen sanda, ka juya ƙwaya ɗaya da tsinken allura har ƙaramin hujinta ya kalli sama, ka danna ta da ɗan yatsa, sannan ka soka tsinin a hujin ka mirgino ta. Ƙugiyar ce take zuwa wurin ƙwaya. Idan ta tsaya a kunne, matse kunnen da filaya marar haƙora. Idan ta tsaya a gwiwa, kada ka tilasta ta, kada kuma ka buɗe gwiwar da filaya, domin ƙarfen da aka lanƙwasa aka mayar ya riga ya raunana. Canza zuwa mai tsaga, ko ƙugiya mai zagayayyar gwiwa.

A kan jig, bayan ƙwayar ta isa gaba, murza ta da yatsa a hankali. Za ka ji ta faɗa mazauninta ta hau karyayyen wuyan, idon ƙugiya ya fito sarai, mafi yawan jikinta yana ɓangaren da ba tsini. Riƙe ta a haka ka cusa zare cikin tsagar, naɗi bayan naɗi, har ta daina motsi.

Hanya mafi kyau ta kafe ƙwaya ita ce da wayar nauyi. Zaɓi wadda kaurinta ya yi kusa da na wayar ƙugiyar: inci 0.010 ga ƙanana, 0.015 ga 14 da 16, 0.020 zuwa 0.025 ga manya. Yi naɗi biyar zuwa takwas a sanda, ka tsinke, ka tura naɗin da farce ya shige babban hujin. Ya cike gibin, ya daidaita ƙwayar a tsakiya, ya kuma ba ƙirjin ƙwaron ɗan tudu. Ɗigon sufa gulu ƙanƙani a kan naɗin ya isa, amma ka kiyaye kada ya gangara cikin ido. Ƙwayar da ke juyawa tana cin zaren da ke bayanta, kuma daga nan ƙwaro yake fara warwarewa.

Game da dalma, nauyinta 11.3 ne kuma tana da laushin naɗi, amma guba ce ga tsuntsayen ruwa da ke haɗiyar ta. Ingila ta hana amfani da ƙananan nauyin dalma a fatsa tun 1987 bayan mutuwar tsuntsayen suwan, kuma gandun Yellowstone na Amurka ya hana kayan fatsa masu dalma. Akwai waya marar dalma a kasuwa. Nauyinta bai kai na dalma ba, amma tun da tangistin ne ke ɗauke da yawancin nauyin, ba za ka rasa kome ba. Ita nake ba ka shawara ka saya.

Launi

Ba na son ka ɓata kuɗi a nan. Ruwan zinariya, ruwan jan ƙarfe, ruwan azurfa, da baƙi sun isa. Mai ƙyalli ya fi aiki a ruwan da ya ɗan gurɓata ko ranar hadari. Idan ruwa ya ja baya ya yi garau, kuma kifin ya sha ganin masu fatsa, jan ƙarfe ko baƙi marar ƙyalli ya fi. Ruwan lemo da ruwan hoda masu haske suna da ranarsu, musamman lokacin sanyi, sai dai fentinsu yana ɓarewa idan sun yi ta bugun duwatsu.

Gwada ƙugiya kafin ka yi mata sutura

Araha ba ta ado, kuma a ƙugiya ne wannan ya fi ciwo, domin za ka iya shafe minti goma kana ɗaura ƙwaro a kan ƙarfen da zai buɗe a kifin farko. Duk sabon fakiti, ciro ɗaya ka matse ta a mariƙi, wato abin da ke riƙe ƙugiya lokacin ɗauri, ta wajen gwiwa, ka ja idon sama kaɗan da yatsa ka saki. Mai kyau za ta koma yadda take nan take. Wadda ta tsaya a buɗe ba ta ji wuta yadda ya kamata ba, wadda ta ƙarye kuma ta ji fiye da kima. Sai ka ja tsinin a kan farcen babban yatsa ba tare da dannawa ba. In ya kama farcen ya ƙi tafiya, yana da kaifi. In ya zame, ko ka wasa shi ko ka ajiye. Dubi idon kuma, ka tabbata ya rufe ruf, domin ɗan gibi a nan yana yanke siririn zare. Idan ka ga an daddaƙe gefen gwiwar ya yi faɗi-faɗi, alama ce mai kyau, irin wannan ta fi jure ja.

Batun kunne ya kamata ka yanke shi tun wajen saye. A gasar duniya da wurare kamar Yellowstone, marar kunne ce doka, kuma duk inda ake kamawa a saki ita ta fi dacewa, tana fita daga bakin kifi cikin daƙiƙa ba tare da yaga ba, ta kuma fi sauƙin cirewa idan ta soki mutum. Ƙugiyoyin da aka ƙera ba kunne tun asali, irin na Hanak da Fulling Mill, suna da dogon tsini mai ɗan karkata ciki, don haka sun fi waɗanda aka matse wa kunne riƙo. Idan matsewa za ka yi, yi ta kafin ɗauri, saboda wani lokaci tsinin yakan ƙarye tare da kunnen.

Abin da za ka fara saye

Kada ka cika akwati tun ranar farko. Ƙugiyar saman ruwa a 12, 14, 16. Ƙugiyar jig marar kunne a 12, 14, 16. Fakiti ɗaya na miƙaƙƙiya mai tsawo 2X a lamba 12 ko 14, ɗaya na lanƙwasasshiya a 14 ko 16, ɗaya mai tsawo 3X a lamba 8. Ƙwayar tangistin mai tsaga a 2.5, 3, 3.5, launi biyu, sai tagulla kaɗan a 2.4 da 2.8, da wayar nauyi 0.015.

Sannan ka zaɓi nimf ɗaya da ka yarda da shi, ka ɗaura shi a ƙugiya lamba 14 da nauyi uku daban-daban. Wannan ya fi amfani nesa da ƙwari goma mabambanta masu nauyi ɗaya. Don kada su rikice maka, jera su a akwati layi-layi bisa girman ƙwaya, ko ka gama kowane nauyi da zare mai launinsa a wuya. Cika babban bokiti ko doguwar kwalba da ruwa, ka saki ukun ɗaya bayan ɗaya ɗaure da ɗan guntun zare, ka ga wanne ya riga sauka, ka kuma duba ko jig ɗin ya kife tsini sama kamar yadda ake so. Wanda ya sauka a karkace, ƙwayarsa ba ta zauna daidai ba, warware wuyan ka sake murza ta.

Idan ka dawo daga kogi, buɗe akwatin ka bar shi ya sha iska har ƙwarin su bushe. Gashin da ya jiƙe yana riƙe danshi a jikin sanda, tsatsa ta fara cin ƙarfen a ƙarƙashin zare inda ba ka gani. Duk ƙwaron da ka ga jan tabo a gwiwarsa ko a wutsiyarsa, yanke suturar da reza, ka zare ƙwayar tangistin ɗin ka mayar cikin 'yan'uwanta, ƙugiyar kuma ka nannaɗe ta a takarda kafin ka jefa a shara.